Tasawa: Garin Hanya Tsakanin Katsina, Maraɗi da Damagaram

1. Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin Hausawan Nijar ya fi karkata ne ga Maraɗi da Damagaram, a bar Tasawa kamar wani zango da ake ambata a wuce. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa zaman zangon nan shi ne ainihin tarihin garin. Ƙarfin Tasawa bai taɓa dogara ga yawan dakaru ba. Ya dogara ne ga hanya da masu bin ta. Duk lokacin da hanya ta sauya, matsayin garin ya sauya tare da ita.

2. Zamanin ayari

Kafin jihadi, Tasawa na cikin ƙasar Katsina ta arewa, sarkinta kuwa Tazar ake kiransa, mutanen ƙasar Tazarawa. Bayan faɗuwar birnin Katsina wajajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi. Ta haka Tasawa ta sami kanta a bakin iyaka: daular Usumaniyya a kudu, Maraɗi da Gobir a yamma, Damagaram a gabas, Abzinawa a arewa.

Wannan matsatsi ya jawo mata hare-hare, amma kuma ya ba ta kasuwa. Ayarin gishirin Bilma da ke gangarowa daga Azbin ta Damargu yakan yada zango a nan kafin ya nufi Gazawa, Katsina da Kano. Abzinawa su sauke gishiri, su ɗauki gero da tufafi. Bayi ma na cikin hajar wancan zamani, kuma bai kamata mai tarihi ya ɓoye wannan ba. Tare da irin wannan ayari Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851. Shi ne babban garin Hausa na farko da ya gani bayan ƙetare hamada, kuma daga nan abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi, shi kuwa ya yi kudu. Wato a lokacin Tasawa mararraba ce ta gaske.

3. Sarauta da bariki

A cikin shekarun 1890 rikici ya ɓarke a Maraɗi tsakanin Sarki Mijinyawa da Ƙaura Hasau, har sarkin ya bar garin ya koma Tasawa. Ana cikin haka Nasara suka iso. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, a ƙasar Tasawa ta wargaje: ranar 14 ga Yulin 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu na Maijirgi.

Faransawa na bukatar hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi, abin da yarjejeniyar 1898 da Ingila ba ta ba su ba, sai bayan gyare-gyaren 1904 da 1906. Tasawa na kan wannan hanya, ga kuma sarkin da ke neman mai mara masa baya. Saboda haka nan aka kafa barikin kumandan, Maraɗi kanta ta zauna ƙarƙashinsa.

4. Juyawar hanya

Wannan fifiko bai daɗe ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, gyaɗa ta zama hajar da Turawa ke so. Hanyar kuɗi ta daina bin raƙumi daga arewa, ta koma bin mota zuwa Katsina da Kano, kuma Maraɗi ta fi dacewa da wannan. A 1927 aka mayar da hedikwatar mulki can. Kamfanoni da manyan alhazai suka bi, Tasawa ta koma gari na biyu.

Duk da haka ba ta mutu ba. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa ta, kusan tsakiyar tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. A arewa maso yamma akwai ƙasar Mayahi da Kanambakashe, inda kwarin Gulbin Kaba ya haɗa manoma Hausawa da Fulani da Buzaye makiyaya. Gero, wake da bisashen wannan yanki kan bi ta kasuwannin ƙauye zuwa manyan kasuwanni, da yawansu su ƙetara Nijeriya, haka ma matasa 'yan cin rani. A ƙidayar 2012 gundumomin Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, alhali birnin Tasawa bai kai dubu 50 ba. Wannan tazara ta nuna cewa masu amfani da garin sun ninka mazaunansa nesa ba kusa ba.

5. Kammalawa

Abin da za a fahimta shi ne, ba a auna irin wannan gari da girman ganuwa ko yawan jama'a, sai da nisan inda baƙinsa ke fitowa. Tarihin sarakuna da na kumandodi yana ajiye a takarda. Na fatoma, dillalai, masu masauki da matan da ke dafa wa matafiya abinci kuwa, a bakin jikokinsu kaɗai ya rage, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Ɗalibin da ke neman batun kundi, ga aiki nan na jiransa a tasha da kasuwar Tasawa.