Gurguzu a Matsayin Ɗa'ar Zaman Tare: Nazari daga Fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki gurguzu a matsayin falsafar ɗa'a da ke tambayar wa ya cancanci cin gumin mai aiki, ta auna shi da tarihi da tsarin noman gabashin Sakkwato. Matsayinta shi ne darajar wannan falsafa a yankin tana ga abin da take iya faɗa kan ƙasa, ruwa da bashi.

Gabatarwa

Ga yawancin mutanen Sakkwato, an ce gurguzu an ce rashin addini, kuma zargin yana da tushe idan aka tuna yadda Tarayyar Sobiyat ta rufe masallatai a Asiya ta Tsakiya. Sai dai akwai ɓangaren tunanin Karl Marx da bai kai ga masu karatu ba sai 1932, lokacin da aka buga rubuce-rubucensa na 1844. A cikinsu damuwarsa ita ce mutumin da aikin hannunsa ya zame masa baƙo: ya noma, wani ya mallaka, har ya daina ganin kansa a cikin abin da ya samar. Daga nan masana irin su Erich Fromm suka fassara gurguzu a matsayin kishin mutuntaka.

Gadon Wurno

Wajen 1830 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya Wurno ta zama ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can hubbarensa yake. A Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a da raya kasuwanni da tanadin abinci domin jama'a. Mahaifinsa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi, ya soki jangali da gaisuwa da ƙwace dukiyar talaka. Ga kuma hadisin da ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu.

Kuskure ne a kira wannan gurguzu. Tushensa wahayi ne da fiƙihun Malikiyya, ya yarda da mallakar mutum ɗaya, kuma gandayen daular da suka kafa sun dogara ƙwarai ga aikin bayi. Amma ya bar wa talakan yankin ma'aunin da zai tuhumi mai mulki da shi, tun kafin ya ji sunan Marx.

Gayya da iyakarta

Abin da ya fi kama da gurguzu a ido shi ne gayya. Mai gona ya sanar, samari su fito da kalme da garma, makaɗin noma ya bi su kunya-kunya yana zuga gwani, mata su kawo fura da tuwo. Aikin mako a gama shi kafin la'asar, ba wanda aka biya. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare da surukin da ake neman 'yarsa duk suna samun hannu ta wannan hanya.

Marx kansa ya yi tunanin irin wannan. A 1881, cikin amsarsa ga Vera Zasulich, ya yarda cewa tarayyar ƙauyukan Rasha na iya zama tushen sabon tsari. Julius Nyerere ya gina Ujamaa kan irin wannan fata a 1967, daga bisani aka koma tara manoman Tanzaniya a ƙauyuka da ƙarfin hukuma, noma ya ja baya.

Gayya ma tana da nata raunin. Wanda ya fi hatsin dafa abinci shi ya fi tara hannaye, kuma amfanin duk rumbunsa yake shiga. Tana sassauta wahala, ba ta taɓa batun wa ke da gona.

Siyasa da ruwa

Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, kuma ya riƙe sarautarta daga 1934, don haka ba mamaki da jam'iyyar adawa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta yi ƙarfi a nan kamar a Kano da Zariya ba. Sanarwar Sawaba ta jam'iyyar ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, amma da Alƙur'ani da tarihin jihadi jagoranta Malam Aminu Kano ya fi kafa hujja. Da magajiyarta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da Shehu ya soka tun ƙarni na 19.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo a Bakolori, cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, a Afrilun 1980, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu da aikin madatsar ruwa ya ci. Björn Beckman da masanan Jami'ar Ahmadu Bello irin su Yusufu Bala Usman sun karanta lamarin a matsayin karon manomi da hukuma da jari. Wannan karatu ya shafi madatsar Goronyo a kan gulbin Rima kai tsaye, domin mai iko da ƙofar ruwa shi ke yanke wa manomin fadama hukuncin shekararsa, kamar yadda ambaliyar 2010 ta nuna wa ƙauyukan Goronyo da Wurno.

A yau tambayar Marx tana bayyana a noman rani. Manomin albasa ko tafarnuwa a Wurno yana buƙatar taki da iri da man injin ban-ruwa tun kafin ya ga ko kwabo. Idan ba shi da su sai ya ci ba-da-kaka a hannun ɗan kasuwa, ya biya da buhuna lokacin da kaya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi. Mai kuɗin ya adana, ya loda mota zuwa Kudu bayan watanni. Malamai sun daɗe suna tattauna irin wannan ciniki a babin riba da salam, masu nazarin gurguzu kuma suna kiransa tatsar rarar aiki. Binciken da ya kamata ya biyo baya shi ne na rajistar filayen ban-ruwa na Wurno da Goronyo: sunan wa ke kan fili, wa ke noma shi, kuma buhu nawa ke saura a gidan manomi bayan an biya bashi.