Rashin Matsuguni ga Tsofaffi a Najeriya: Musabbabai da Hanyoyin Kariya

Marar matsuguni shi ne mutumin da ba shi da tabbataccen wurin kwana da yake da iko da shi. Ma'anar ta haɗa da mai kwana a tasha ko rumfar kasuwa ko harabar masallaci, da wanda ke raɓe a kango ko a zauren wani, inda za a iya tashinsa kowane lokaci. Lamarin ya fi tsanani ga wanda ya manyanta, domin ƙarfin nema ya ragu, sanyin hunturu da zazzaɓin damina kuma sun fi saurin kayar da shi.

Musabbabai

Na farko shi ne yankewar samu. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Wanda ya kai wannan gaɓa yana gidan haya, fanshonsa kuma ya yi jinkiri, yakan kasa biyan kuɗin shekara da masu gidaje ke nema a dunƙule. Ɗan kasuwa ba shi da fansho sai wanda ya tanadar wa kansa, don haka gobara ɗaya ko doguwar jinya na iya cinye jarinsa har ta kai shi ga sayar da gida.

Na biyu shi ne raunin zumunci. Gidan gandu, inda tsoho ke zaune cikin 'ya'ya da jikoki, yana ja baya a birane. Idan aka sayar da gidan gado aka raba kuɗin, matar mamaci tana samun tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu. Sau da yawa wannan kaso ba ya sayen ko da fili a garin da ta yi rayuwarta.

Na uku shi ne tashin hankali da bala'o'i. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu a Arewa maso Gabas. Ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta mamaye sassa da dama na Maiduguri. Rusau ma na cikin lissafi: tun a 1990 aka rushe unguwar Maroko a Legas, dubban ɗaruruwan mazauna suka rasa muhalli.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin samar da matsuguni da kula da tsofaffi. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a tilasta aiwatar da shi ta hanyar kotu. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, a shekarar kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta fara aiki.

Hanyoyin kariya

Rigakafin yana farawa tun mutum na da ƙarfi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba masu zubi rancen da ake biya har tsawon shekara 30. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikaci ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyar fanshonsa ba a matsayin kafin alƙalamin sayen gida. A 2019 aka buɗe tsarin ƙaramin fansho domin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu.

Wanda ya mallaki gida yana bukatar takardar shaidar mallaka, wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon bayarwa. Ɗan haya kuma yana da kariyar doka: ba a fitar da shi sai da wa'adi a rubuce da umarnin kotu.

Magada na iya jinkirta sayar da gida bisa yardar juna muddin tsohuwa na raye, ko su ware mata ɗakinta. Hukumomin zakka da waƙafi, da ƙungiyoyin kasuwa da kwamitocin masallatai, suna iya biya wa tsoho hayar shekara kafin a zubar masa da kaya waje. Wannan ya fi sauƙi a kan nema masa sabon wuri bayan ya riga ya faɗa titi.