intel_pstate

intel_pstate direba ne a cikin kanel ɗin Linux, wato ƙashin bayan tsarin aikin kwamfuta, wanda ke daidaita saurin furosesa ƙirar kamfanin Intel gwargwadon nauyin aikin da ke kanta. An shigar da shi a Linux 3.9 a shekarar 2013, kuma injiniyan Intel Dirk Brandewie ne ya fara rubuta shi. Yana aiki da furosesoshi tun daga zangon Sandy Bridge na shekarar 2011 zuwa sama. Yana ƙarƙashin CPUFreq, sashen da ke kula da saurin furosesa a Linux.

Dalilin daidaita sauri

Furosesa tana da matakan aiki da ake kira P-state. Kowane mataki ya haɗa abu biyu: yawan bugun da take yi a daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin volt ɗin da ake ba ta. Wutar da take ci tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar bugu, amma ta fuskar volt ninki-ba-ninki take hawa: idan volt ya ninka sau biyu, wutar za ta ninka sau huɗu. Shi ya sa sauko da mataki lokacin da aiki ya yi sauƙi yake tsimin batir, yake kuma rage zafi. Matakan da suka haura saurin da kamfani ya lamunce su ne turbo, kuma furosesa ba ta daɗewa a kansu sai idan zafi da wuta sun ba da dama.

Yanayin active

A wannan yanayi direban ba ya amfani da gwamnonin CPUFreq, wato ƙa'idojin zaɓen sauri da sauran direbobi ke dogaro da su. Yana da nasa guda biyu, performance da powersave.

Idan furosesa tana da fasahar HWP, wadda Intel ya fito da ita tare da zangon Skylake a 2015, ita da kanta take zaɓen mataki. Aikin direba shi ne ya gindaya mata iyakar sama da ta ƙasa, ya kuma nuna mata inda za ta karkata ta hanyar lambar EPP. Lambar tana tsakanin 0 da 255: 0 na nufin a fifita sauri, 255 kuma a fifita tsimin wuta. Idan babu HWP, direban ne ke auna yawan aiki ya zaɓi mataki.

A nan ne masu amfani da yawa ke rikicewa, domin sunayen sun zo ɗaya da na gwamnonin CPUFreq amma aikin ya bambanta. Gwamnan powersave na CPUFreq yana tsayar da furosesa a mafi ƙanƙantar sauri kullum. Na intel_pstate kuwa hawa da sauka yake yi, har yakan kai turbo idan aiki ya yi nauyi. Saboda haka ganin powersave a kwamfutar da ke yanayin active ba ya nufin an daƙile ta.

Yanayin passive

A nan direban yana bayyana da sunan intel_cpufreq, kuma zaɓen mataki yana komawa hannun gwamnonin CPUFreq, irin su ondemand da conservative da schedutil. Gwamnan schedutil, wanda ya shigo a Linux 4.7 a 2016, yana karɓar bayanin nauyin aiki kai tsaye daga sashen kanel da ke raba wa manhajoji lokaci. Tun shekarar 2020, passive ne yanayin da direban ke farawa da shi a furosesar da ba ta da HWP.

Yadda ake dubawa da sauyawa

Fayil ɗin /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/status yana nuna ɗaya daga cikin kalmomi uku: active ko passive ko off. Mai ikon root zai iya rubuta wata a ciki don sauya yanayi ba tare da kashe kwamfuta ba. Ana kuma iya ba kanel umarnin intel_pstate=passive ko intel_pstate=disable lokacin kunnawa; na biyun yakan sa kwamfuta ta koma kan tsohon direba acpi-cpufreq. A babban fayil ɗaya da status akwai max_perf_pct da min_perf_pct, masu ƙayyade iyakar sauri da kashi cikin ɗari, da no_turbo mai hana hawa turbo.

Waɗannan saituna suna da amfani a inda wutar lantarki ba ta tsayawa kuma zafi ke tsananta, kamar arewacin Najeriya a watannin Maris zuwa Mayu. Furosesar da ta yi zafi fiye da kima takan rage saurinta da kanta don kare kanta, sai aiki ya riƙa tsaitsayawa. Kashe turbo ko rage max_perf_pct yana sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi aiki da sauri madaidaici, batirinta kuma ya ƙara jimawa.

Takwaransa na AMD

Kamfanin AMD yana da direba makamancin wannan mai suna amd-pstate, na furosesoshin Zen 2 zuwa sama. Ya shigo a Linux 5.17 a 2022 da yanayin passive kaɗai. An ƙara active a Linux 6.3, sannan guided a 6.4, duka a 2023. A yanayin guided, kanel ne ke ba da iyakar ƙasa da ta sama, furosesa kuma ta zaɓi saurinta a tsakaninsu.