Daga Ganuwar Haɗeja Zuwa Kurmin Burma

A cikin watan Afrilu na 1906, lokacin da bazara ta kai ƙarshen zafinta, kogin Haɗeja ya janye ya bar tafkuna da ƙoramu, masunta suna su a sauran ruwan da ya rage, manoman fadama kuma sun kwashe amfaninsu, wata runduna ta taso daga Kano ta nufo gabas. Kanar Lowry Cole ne shugabanta, sojanta sun haura 700, suna ɗauke da igwa da bindigogi masu ruwa. Hafsoshin Turawan Ingila ne, amma waɗanda suka saɓa bindigogin baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana, da Hausa kuma ake ba su umarni. Rundunar da ta doshi ganuwar Haɗeja a wannan bazara ita ce, bayan shekaru talatin da 'yan kai, za ta kwashi 'ya'yan wannan kwari ta ƙetara teku da su zuwa Habasha da Burma. Wanda yake son ya gane yadda haka ta faru, dole ya bi al'amarin daki-daki tun daga tushensa.

Tushen yana bakin teku. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, wato Legas, ya ba su makami, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A 1897 gwamnatin Ingila, saboda tsoron kada Faransa ta riga ta mamaye yankin Kwara, ta umarci Frederick Lugard, wanda mutanenmu suka sani da Gwamna Lugga, ya kafa rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma. Da ita aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Haɗeja ba ta yi yaƙi a lokacin ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Gari ne da ya saba da dogaro da doki da mashi tun zamanin Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato da maƙwabta har rasuwarsa a 1863, kuma Sarki Muhammadu, wanda ya hau gado a 1885, ya gaji wannan hali tare da sarautar. Shekara uku aka yi ana zaman doya da manja tsakanin fada da Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zama daga yamma ya ɓullo. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka fatattaki wani rukunin sojan doki, suka kashe Turawa uku, labari ya bazu a ƙasar Hausa cewa ashe Nasara ma yana faɗuwa. Lugga ya rushe Satiru a watan Maris, ya kuma ƙudura cewa ba zai bar wata masarauta da za ta zama mafakar masu ƙin mulkinsa ba. Ranar 25 ga Afrilu rundunar ta tsaya a bayan ganuwa, aka aika manzo da sharuɗɗan miƙa wuya, aka mare shi aka sallamo shi. Barade suka yi sukuwa cikin lifidi da sulke suka tunkari bindiga mai ruwa, wadda ba ta san jarumi ba, ba ta san rago ba. Daga nan faɗa ya koma cikin gari, lungu-lungu, gida-gida, na tsawon sa'o'i, har ya tuƙe a fada, inda Sarki Muhammadu ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan fadawansa. Tun daga ranar ake kiransa Mai Shahada. Haɗeja ce masarauta ta ƙarshe a daular Usmaniyya da ta fuskanci Turawa da makami, kuma kabarin Mai Tumbi yana nan a garin har yau.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka haɗe sojojinsu su ma, suka zama Rundunar Nijeriya mai bataliya biyar. Ta Ɗaya da ta Biyu daga tsohuwar rundunar Arewa suka fito, aka ajiye ta Ɗaya a Kaduna, ta Biyar kuwa, wadda ta masu doki ce, aka ajiye ta a Kano. Ba su gama zama a barikokinsu ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka tura su Kamaru, wadda take hannun Jamus. Farkon karon bai yi daɗi ba, domin a ƙarshen Agusta 1914 an kai wa Garwa hari an koma da asara mai yawa, har kwamandan, Laftanar Kanar Maclear, ya rasa ransa. Sai a Yuni 1915 Garwa ta faɗi. A dutsen Mora kuwa, wanda aka tunkara daga Maiduguri, Kyaftin von Raben na Jamus ya ƙi sauka har 18 ga Fabrairu 1916, lokacin da duk sauran ƙasar ta riga ta fita daga hannun Jamusawa.

A ƙarshen 1916 aka zuba bataliya huɗu cikin jiragen ruwa ƙarƙashin Janar Cunliffe, aka kai su Afirka ta Gabas don farautar rundunar Jamus ta von Lettow-Vorbeck. A can yunwa da zazzaɓi da atuni sun yi musu ɓarnar da ta kusa kai ta harsashi, musamman a damunar 1917 a bakin kogin Rufiji, inda hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙi isowa. A Oktoba na wannan shekara aka yi gumurzun Mahiwa, inda Jamusawa suka yi wa sojan Nijeriya ƙawanya, Bataliya ta Ɗaya ta yunƙura don ta ceto 'yan'uwanta, ita ma ta sha wuta. Waɗanda suka tsira sun dawo gida a 1918. Shekara goma bayan haka Sarkin Ingila ya ƙara wa rundunar laƙabin sarauta a sunanta, sojan kuwa ya ci gaba da fareti da jar dara da gajeren wando, ƙafarsa ba takalmi.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu, abubuwa biyu suka kusanto da barikin soja ga mutumin Haɗeja. Na farko shi ne makarantar horar da kurata da aka buɗe a Zariya a 1924. Na biyu shi ne layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ƙasar Haɗeja ta Malam Madori da Birniwa. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da fatu, amma jirgin da ya ɗauki buhu yana iya ɗaukar mutum. Da yaƙin Hitila ya tashi a 1939, a zamanin Sarki Usman, gwamnati ta nemi ƙarin gyaɗa da ƙarin maza, kuma ta bi hanyar da ta saba bi, daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci. Wani saurayin ya tafi da ƙafarsa saboda albashi da kaki da son ganin duniya, wani kuwa mai unguwa ne ya nuna ƙofar gidansu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a wannan shekara, Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ke kai labarin fagen fama zaurukan da ake jiran 'ya'ya.

A tsakiyar 1940 Bataliya ta Ɗaya da ta Biyu da ta Uku suka sauka Mombasa, aka haɗa su birged guda ƙarƙashin Birgediya Smallwood, don su fuskanci Italiya, wadda ta mamaye Habasha tun 1936. A Fabrairu 1941 suka ƙetare kogin Juba, suka shiga motoci suka bi gaɓar teku, ranar 25 ga wata suka shiga Mogadishu. Ba su huta ba suka juya arewa, suka keta hamadar Ogaden, mil sama da 700 cikin kwana 17, suka isa Jijiga ranar 17 ga Maris. A gabansu akwai mashigin Marda, ƙunƙuntar hanya tsakanin duwatsu, inda Italiyawa suka girke igwoyinsu suna ganin duk abin da ya motsa a fili. Ranar 21 ga Maris Bataliya ta Ɗaya ta hau dutsen da ƙafa cikin ruwan wuta, kafin gari ya waye abokan gaba sun janye. Harar ta faɗi kafin ƙarshen wata, Addis Ababa kuma ranar 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa ranar 5 ga Mayu. Jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suna cikin waɗanda suka mayar wa wani sarkin Afirka ƙasarsa.

Bayan wannan nasara Janar George Giffard ya shawarci Landan da a kai sojan Afirka ta Yamma Burma, inda Japan ta kori Ingila a 1942. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Ba don ado aka zaɓi gammon ba. A kurmin Arakan babu hanyar mota, duwatsu sun yi tsayi, ƙoramu sun yi yawa, don haka jirgin sama ke jefo abinci da harsashi da laima, dubban 'yan dako masu kakin soja su naɗa gammo su ɗora a ka, su bi bayan masu bindiga, wani lokaci har da guntayen igwa. Yaron da ya tashi yana ɗauko dami daga fadama, yana ratsa ruwa iya ƙirji a damuna tsakanin Guri da Kiri Kasamma, ya tarar da aikin da ya sani, sai dai a nan akwai maharbi a saman itace, akwai matsattsaku a jikin ganye, akwai ruwan sama na wata da watanni. Wasu bataliyoyi uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su aka ba Janar Wingate, aka sauke su da jirage a bayan dagar Japan a 1944, suka tsare sansanin da ake kira White City.

Bataliya ta Ɗaya tana cikin runduna ta 82, wadda ta isa Indiya a 1944, ta shiga fagen fama a Disamba. Suka karɓi Buthidaung a tsakiyar watan, suka gangara kwarin Kalapanzin, suka haɗu da 'yan'uwansu na 81 da suka biyo kwarin Kaladan, a ƙarshen Janairu 1945 suka ƙwace Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Daga nan Janar Hugh Stockwell ya ja su kudu ta Dalet da Tamandu da hanyar An, inda Japanawa suka yi turjiya mai tsanani a cikin tsaunuka, har aka kai Taungup a ƙarshen Afrilu. Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma ƙarancin jiragen ruwa ya sa da yawansu ba su taka ƙasar Nijeriya ba sai a 1946.

Abin da suka tarar a gida bai kai abin da suka bayar ba. Kuɗin sallamar baƙin soja bai kama ƙafar na Bature ba, kuma duk tsawon yaƙin babu ɗan Nijeriya ko ɗaya da aka ba muƙamin hafsa a wannan runduna. Iyakarsa samanja, ko da kuwa ya kai Chari Maigumeri, wanda ya ga yaƙin duniya biyu, ya sami lambar jarunta, sai a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. A wannan shekarar ce Zakariya Maimalari ya fito daga Sandhurst da muƙamin hafsa. Wasu daga cikin waɗanda suka dawo sun shiga aikin ɗan doka ko masinja ko tuƙin mota, da yawa kuwa sun sauka a tashar da suka hau, suka koma ga garma da koma, lambobinsu a ƙasan adaka. Jama'a suka riƙa ce musu 'yan Boma, hukuma kuma ta kira su 'yan mazan jiya. Sun dawo da sanin cewa Bature yana jin tsoro, yana zubar da jini, yana mutuwa kamar kowa, kuma wannan sani ya shiga cikin abubuwan da suka gaggauta mulkin kai a 1960.

Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a ƙofofin barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit, sunan rundunar Wingate, a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da An da Marda da Tamandu a Legas, Mogadishu a Abuja. Sunayen mutanen kuwa, da yawa suna can a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka sassaƙa sunan soja kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Haɗeja ta riƙe sunan Mai Shahada da na baraden da suka faɗi tare da shi, kuma ta kyauta da ta yi haka. Waɗanda suka hau jirgi a Malam Madori su ma 'ya'yanta ne, ko da tutar da suka bi ba tata ba ce. Duk gidan da ke da tsohuwar lamba ko takardar sallama ko hoton kaka cikin kaki, ya fito da su, ya tambayi dattawan da suka rage, ya rubuta sunan mutumin da garinsu da bataliyarsa, tun masu iya ba da labarin suna raye.