Faɗi da Ƙuncin Fannonin Littattafan Hausa: Waiwaye Daga Kafancan da Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna tsara manhajar Hausa, tambayar da ake fara yi ita ce waɗanne littattafai za a sa wa ɗalibai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce a kan me littattafan suke magana, kuma wane ne zai karanta su. A wannan maƙala za mu bi tarihin fannonin da aka yi rubutu a kansu da Hausar boko, tun daga labarin tafiya a teku har zuwa sana'o'in hannu da labarin ƙasa. Mun zaɓi mu tsaya a Kafancan mu yi wannan waiwaye, domin a can ne ake samun ɗimbin masu karatu da Hausa waɗanda ba ita suka tsotsa a nono ba.

2.0 Yadda Karatun Hausa Ya Shiga Yankin

Kudancin Kaduna gida ne na harsuna da dama, irin su Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Ninzo da Adara. Hausa ta daɗe da shiga yankin ta hanyar fatauci da zangon fatake da kuma masarautar Jama'a. Amma karatu da rubutu da ita a boko ya bazu ne ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta 'yan mishan. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta kafa a Kagoro. Da yake harsunan yankin suna da yawa, sai suka ɗauki Hausa a matsayin harshen wa'azi da na koyar da masu bishara. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara ƙarfafa wannan zaɓi.

Hanya ta biyu ita ce jirgin ƙasa. A 1927 Kafancan ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya nufi Jos wajen haƙar kuza. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga ko'ina suka cika garin, har aka mayar da fadar Sarkin Jama'a can a 1933. Hausa ta zama harshen tasha da na kasuwa, jirgin kuma ya zama mai dakon jaridu da littattafai.

Hanya ta uku ita ce ta gwamnati, wato makarantun elemantare da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, waɗanda suka dogara da abin da ake bugawa a Zariya.

3.0 Zamanin Faɗin Fannoni

Abin da ake bugawa a Zariya ya samo asali ne daga Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East. An fi tunawa da ita saboda gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labarai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Sai dai idan muka tsaya a nan, mun rage wa hukumar haƙƙinta, domin ita da magadanta, wato Kamfanin Gaskiya (1945) da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, sun taɓa fannoni da yawa.

A fannin tafiye-tafiye, Bahaushe ya ga teku a rubuce tun kafin zuwan waɗannan hukumomi. Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth ya ƙetare Sahara ya shiga jirgin ruwa zuwa Turai a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa, J. F. Schön kuma ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Kusan shekara sittin bayan haka, Abubakar Imam ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ta irin waɗannan rubuce-rubuce ne yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Kogin Kaduna ba ya fara sanin girman teku da harshen da yake ji.

A fannin tarihi da labarin ƙasa akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu na farkon shekarun 1930, da Mungo Park Mabuɗin Kwara. A fannin kimiyya akwai jerin Ikon Allah na East da Imam, wanda ya yi bayanin halittu da sararin samaniya. A fannin sana'o'i akwai Zaman Mutum da Sana'arsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta riƙa cike giɓi da bayanan noma da kiwon lafiya da labaran duniya.

Ya kamata mu faɗi gaskiya game da iyakar wannan zamani. Manufar Turawa ita ce samar da malamai da akawuna da ma'aikatan En'e, kuma yawancin littattafan sun kalli duniya ne daga Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato. Ɗan Kagoro ya karanta tarihin sarakunan Hausa, bai karanta na tsaunukan da ke bayan gidansu ba. Duk da haka, darasin da ya samu shi ne cewa da Hausa ana iya sanin kusan kowane abu.

4.0 Zamanin Ƙuncewa

An rufe NORLA a 1959, aka kafa kamfanin NNPC a 1966. Kamfani kuwa kasuwa yake bi, kasuwar kuma tana wajen littattafan da hukumomin jarrabawa suka zaɓa. Da Ingilishi ya mamaye koyar da kimiyya da labarin ƙasa da tarihi, sai Hausa ta koma darasi guda a cikin jadawali, littattafanta suka taƙaita ga nahawu da adabi da al'ada. Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980 ta tsadar da takarda, sufurin jirgin ƙasa ya durƙushe, Kafancan ta rasa matsayinta na mahaɗa mai rai. Marubutan Kano sun farfaɗo da karatu da littattafan soyayya tun daga tsakiyar shekarun 1980, abin yabo ne ƙwarai, amma fanni guda suka cika.

Misalin sana'ar zare ya isa ya nuna girman asarar. Ƙasar Hausa ta shahara da saƙa da rini da aikin allura, marinar Ƙofar Mata a Kano sananniya ce a duniya. Amma nazari mai zurfi a kan aikin allura na Hausawa, irin wanda David Heathcote ya yi a Zariya a shekarun 1970, da Ingilishi aka rubuta shi. Haka abin yake game da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a ƙasar Ham, Bernard Fagg kuma ya bayyana wa duniya darajarsu tun daga shekarun 1940. Yaron da ke zaune kusa da Nok sai ya koyi Ingilishi kafin ya karanta cikakken labarin abin da aka tono a ƙasarsu.

5.0 Abin da Wannan Tarihi Yake Nuna wa Masu Tsara Manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen al'ummar da yaro yake ciki a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida, a Nuwamban 2025 kuma aka soke tsarin aka koma ga Ingilishi. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, harshen da ba shi da littattafan fannoni ba zai iya ɗaukar nauyin koyarwa ba, kuma ba shi da hujjar kare kansa ranar da aka zo yanke masa hukunci.

A Kudancin Kaduna akwai ƙarin nauyi. Rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Katab na 1992 sun bar tabo, har wasu suna kallon Hausa a matsayin harshen danniya, alhali da ita suke ciniki, da ita da yawansu suke ibada. Manhajar da ba ta nuna wa ɗan Bajju ko ɗan Atyap komai sai rayuwar birnin Kano tana ƙara wa wannan zato ƙarfi. Saboda haka muna ba da shawara a samar da ƙananan littattafan karatu a kan tarihin Nok, da noman citta a Kaciya da Jaba, da magangarar ruwan Matsirga, da bikin Afan na Kagoro, da saƙar kwando da tabarma, da tarihin layin dogo. A damƙa rubuta su ga malamai 'yan yankin, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, a kuma buga su da Hausa tare da harsunan yankin kafaɗa da kafaɗa, don kada a ce an raya wani harshe an binne wani.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa Hausar boko ta fara da faɗin fannoni, ta shiga Kudancin Kaduna ta coci da tasha da aji, sannan ta ƙunce lokacin da hukumomin da ke ɗaukar nauyinta suka gushe. Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya. Waɗanda suka rubuta labarin teku da taurari da Hausa shekara tamanin da suka wuce ba su da kwamfuta, ba su da digiri a harshen. Abin da suke da shi shi ne hukuma mai kasafi da manufa, da kuma yaƙinin cewa mai karatu yana son sanin duniya. Waɗannan su ne abubuwan da ya wajaba mu maido.