Agogon Hannu da Barcin Yara

A shekarar 1953, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago a Amurka suka bayyana wani matakin barci da idanu ke kai-komo a rufe. A jikin yaro aka fara ganin wannan, wato Armond, ɗan Aserinsky mai shekara 8, wanda mahaifinsa ya liƙa wa wayoyi a ka. Wayoyin suna karanta lantarkin ƙwaƙwalwa, dabarar da Hans Berger ya wallafa a Jamus a 1929, kuma har yau ita ce ma'aunin asibiti.

Fitbit, wanda ya shiga kasuwa a 2009, da agogunan da suka biyo bayansa, ba sa jin ƙwaƙwalwa. Motsin hannu suke ƙirgawa, na baya-bayan nan har da bugun zuciya, sauran kuwa kintace ne, kuma galibi da barcin manya aka gwada lissafin. Yaro ya fi babba juyi, zuciyarsa ta fi sauri. A bazarar Zuru, inda zafi kan sa yara birgima a shimfiɗa guda, shurin ƙane kaɗai na iya sa agogo ya rubuta wa yayansa farkawa. Wanda ya kwanta lamo ido biyu kuwa, sau da yawa barci ake rubuta masa.