Kura, Maharbi da Ardo: Tsohuwar Gardamar Dajin Ribah

Yaran da aka haifa a Ribah daga shekarar 2000 zuwa yau, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin kukan kura da kunnensa. Alhali iyayensu sun tashi ne ana toshe ƙofar garken awaki da ƙaya tun kafin magariba, kuma a rugagen da ke hanyar Wasagu da Bena ba a barin maraƙi a dangwali ba tare da an hura wuta a kusa ba. A kan wannan dabba aka shafe shekaru ana sa-in-sa tsakanin mutum uku: maharbi, makiyayi da malamin daji. Na yi aikin malamin dabbobi a wannan yanki, na zauna da dukansu, kuma har yau ina ganin kowannensu yana da gaskiyarsa. Doka ce ba ta saurari kowa ba.

Farauta a ƙasar Zuru ta girmi duk wata takarda. Dakarkari sun ɗauki maharbi da daraja, har tukwanen yumɓu masu siffar dabbobi da mata ke ginawa akan ɗora su a kaburburan manyan mutane, kuma gwanayen farauta suna cikinsu. Idan an gama girbi an yi bikin Uhola, rani ya shigo, sai a fita farautar gayya da karnuka da gora da kwari da baka, kibau an shafe su da dafin kwankwani. Akwai kuma maharbin kaɗaici, mai ɗaura burtu a ka yana rarrafe har ya kusanci gada ko barewa. Waɗannan mutane suna da ƙa'idarsu tun kafin zuwan Nasara. Ba a harbin dabba mai ciki da gangan, akwai kurmin da ba a shiga, kuma in babban nama ya faɗi akwai kason sarki.

Kura ba ta cikin naman da maharbi ke nema don tukunya. Yakan kashe ta ne in an kira shi. Ardo zai aiko, ko ya zo da kansa da ƙwaryar nono, ya ce: "Sarkin Baka, ta sake ɗaukar mana maraƙi jiya. A taimaka." Maharbi ya bi sawu har rami, ya yi kwanto, ya kashe wadda ta saba da garken, a ba shi ɗan akuya ko kuɗi. Fata da wasu sassan jiki ya kai wa masu magani, in ya sami 'ya'ya da rai kuma 'yan wasan kura su saya. Abin lura shi ne ɗaya ake kashewa, mai laifin. Sauran suna nan suna share mushe a bayan gari.

Turawa sun zo da nasu lissafin. A watan Mayun 1900 ƙasashen da suka raba Afirka suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Landan game da namun daji. A cikinta aka jera dabbobin da ake so a rage yawansu saboda ɓarna, aka sa zaki da damisa da kura da kyarkeci da gwaggon biri da kada. Angulu kuwa aka sa ta cikin waɗanda aka hana kashewa saboda amfaninta. Wato tun a lokacin sun san darajar mai share mushe, amma suka ga ta tsuntsuwa suka ƙi ganin ta kura. Daga baya aka yi dokar kare namun daji ta 1916, sannan Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, wadda ta kasa dabbobi gida-gida: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasisi. Wannan doka ta 1963 ita muka gada da muka shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, muka bi ta zuwa Jihar Sakkwato a 1976, har muka tsinci kanmu a Kebbi a 1991.

A idon maharbin ƙauye, ma'anar dokar ɗaya ce: sana'ar kakansa ta koma laifi. Bature ko babban ma'aikaci mai lasisi ya harbi gwanki a ɗauke shi hoto, shi kuwa a kama shi da cinyar mazo a ƙwace bindigar tokarsa. Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mini cewa malamin daji bai taɓa tambayarsa inda ɓauna ke shan ruwa ba, sai dai ya tambaye shi ina takarda.

Makiyayi ma an yi masa doka, ta wuraren kiwo ta 1965, amma burtali da mashaya sun ci gaba da komawa gonaki. Farin 1973 ya koro garkuna da yawa daga arewa zuwa ƙasar Zuru, inda ciyawa ke daɗewa. Shanu suka yi yawa, gona ta faɗaɗa, daji ya matse. A nan gardamar ta yi zafi, kuma na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba a ƙofar gidan hakimi.

Ardo yakan ce maharba ne suka jawo masa. Sun cinye gada da barewa da gyado, kura ta rasa abinci ta dawo kan maruƙa. Sun cinna wa daji wuta don korar zomo da gafiya, ciyawar rani ta ƙone. Sun ɗana tarkon ƙarfe a hanyar ruwa, saniya ta taka ta karye. Maharbi kuma ya ce shanu ne suka kori nama, don inda garke ya kwana wata guda ba ka ƙara ganin sawun mariya, kuma masu sassabe rassan maɗaci da kawo don shanu ba maharba ba ne. Malamin daji na zaune da littafinsa, abin da doka ta ba shi kawai shi ne ya rubuta sunan wanda za a ci tara. Ba shi da sisin kwabon da zai biya maraƙin da aka ci.

Abin da ya yanke gardamar guba ce. Da maganin ƙwari na gona ya cika kasuwa, makiyayi ya daina zuwa wurin Sarkin Baka. Me zai sa ya ba da ɗan akuya, alhali garin magani na 'yan kuɗi kaɗan ya isa? Sai a tsaga ragowar maraƙin a barbaɗa, a bar shi a inda yake. Na je irin wannan wuri a shekarun 1980, bayan annobar bushiya ta 1983 ta riga ta raunana garkuna, mutane ba su da haƙurin ƙarin asara. Kura na kwance kusa da mushen, kumfa ya bushe a bakinta. Gaba kaɗan dila. Sai angulaye a warwatse ƙarƙashin wata ɗorawa, wasu sun mutu, wasu na jan fiffike a ƙasa ba sa iya tashi. Karen wani maharbi ma ya ci, mai shi na tsaye a kansa yana rawar jiki don fushi. Bafulatanin da ya yi aikin bai ɓoye ba. Ya ce da ni: "Malam, na kai ƙara sau nawa? Wa ya biya ni?" Ban sami amsar da zan ba shi ba, don gaskiya ya faɗa, ko da yake abin da ya yi ɓarna ce babba.

A 1985 gwamnatin soja ta fito da Doka ta 11 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tarar laifin farko naira 1,000 ga mafi tsananin kariya. Ita ma hani ce da tara. Yau kyarkecin dajinmu ya ɓace, zakunan da suka rage a Nijeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari kaɗai, angulun da muka saba gani a mahauta kuwa tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Mushen jaki yakan kwana da kwanaki a bakin gari yana wari, karnukan da ba su da masu su ke yagarsa, kuma duk malamin dabbobi ya san haukan kare daga irin nan yake yaɗuwa.

Wasu ƙasashen sun yi wannan rigima, amma sun ɗan tsaya sun yi tunani. A Amurka an ƙarar da kyarkecinsu a gandun Yellowstone tun 1926, sannan a 1995 da 1996 aka ɗebo 31 daga Kanada aka sake. Masu kiwon shanu suka yi ca, mafarauta suka ce zai cinye musu nama, aka yi ta shari'a. Sai dai tun 1987 wata ƙungiyar masu kare namun daji ta fara biyan diyyar dabbar da kyarkeci ya kashe. Rigimar ba ta ƙare ba har gobe, a Turai ma a ƙarshen 2024 sai da aka sassauta kariyar da ake ba shi saboda kukan makiyaya. Amma can an amince cewa wanda aka ce ya haƙura da dabbar bai kamata ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Mu ba mu taɓa kaiwa nan ba.

Yanzu dajin da ake wannan gardama a kansa, daga iyakar Wasagu har Kuyambana da Kamuku, ya fita hannun dukansu ukun. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. Maharba da yawa sun koma 'yan sa-kai, makiyayan kirki da yawa an kwashe musu shanu ko sun yi ƙaura, kuma zargi ya shiga tsakanin mutanen da a da ɗaya ke aika wa ɗaya ƙwaryar nono. Wannan ya fi ɓacewar kura ciwo a raina.

In Allah ya dawo da zaman lafiya, za a sake shiga dajin, kuma tambayar za ta dawo. Ina roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta sake duba dokar 1963 tun yanzu. A sa diyyar makiyayi a ciki, a tsananta hukuncin sa guba a mushe, a kuma ba Sarkin Baka da Ardo kujera a kwamitin kowace gunduma, su ne za su tabbatar da asara su kuma nuna dabbar da ta yi ta. Tsofaffin maharban da suka san sawu da rami a ƙasar Ribah sun kusa ƙarewa, a nemi shawararsu tun suna da rai.